Tsohon Akwati, Sabuwar Murya



Da farko ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni ilmin lantarki nesa ba kusa ba, akwai kuma waɗanda suka fi ni iya kiɗa. Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne yadda ake ɗaukar tsohon akwatin rediyo, ko na wata na'ura da ta daina aiki, a mayar da shi amfilifaya, watau na'urar da ke ƙara wa jita murya. Na san wani zai ce a ransa, duk matsalolin da ke damun ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai zancen jita? To, ina roƙonsa ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin a ganina cikin ɗan akwatin nan akwai wata tambaya da ta shafi kowane ɗan boko. Tambayar ita ce, me ya sa mu da muka karanta yadda abu ke aiki ba mu iya haɗa shi, su kuwa waɗanda ke gyara shi kullum ba mu ɗauke su a matsayin masana ba?

Zan fara da wurin da ake samun kayan aikin, watau Fagge da Sabon Gari. Daga nan in kawo labarin waɗanda suka riga mu, sa'an nan in bayyana aikin kansa da haɗarin da ke cikinsa, in rufe da 'yan shawarwari.

Fagge da Sabon Gari

Kowa ya san Kano ya san unguwannin nan biyu a bayan ganuwa suke, kuma dukansu baƙi ne suka raya su. Fagge tun zamanin ayari zango ce, inda Buzaye da sauran fatake ke durƙusar da raƙumansu kafin su shiga birni da kayansu. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife ta. Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, bayan kamar shekara biyu Turawa suka yanka wa ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu fili suka zauna. A yau duk biyun suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. Saboda wannan tarihi, baƙon abu in ya shigo Kano galibi a nan yake fara sauke kaya, tun daga garmaho har zuwa silima. Gidan siliman Rex, wanda aka buɗe a 1937, a Sabon Gari aka gina shi.

A shekarar 1944 aka kawo wa Kano rediyo mai waya. Akwati ne da sifika a ciki, sai waya da ta taho daga tasha ta shiga bayansa, abin da aka turo masa shi yake faɗa. Bayansa aka saba da rediyo mai ƙwan gilashi, wanda sai ya yi zafi yake magana, sa'an nan mai taransisto, wanda makiyayi ke ratayawa a kafaɗa. Rikoda mai kaset ta biyo baya, sai bidiyo, sai faifan sidi, sai dikoda, har wayar hannu ta zo ta haɗiye aikin yawancinsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar wa Fagge da Sabon Gari masu gyaransa, ya kuma bar musu gawarwakinsa. Ka leƙa rumfar tsohon mai gyaran rediyo, za ka tarar da akwatuna jibge har rufi, waɗanda aka kawo gyara shekara da shekaru ba a dawo an karɓa ba. Ƙarshensu hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke saye a kan sikeli, a farfasa, a ƙona wayoyin don a fid da jan ƙarfe, hayaƙin ya shiga ƙirjin yaran unguwa. Ba Kano kaɗai ke da wannan ciwo ba. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ita kuwa jita, a Kano gidanta Sabon Gari, a hannun makaɗan majami'u da na otal-otal. Kiɗan finafinan Hausa tun daga shekarun 1990 a kan fiyano ya tsaya, shi ya sa ba ta yawaita a cikin birni ba. Saurayin da ke son koyo yakan dace da jita ta hannu a wurin wani makaɗi da ya sayi sabuwa, amma jita ta lantarki in babu amfilifaya muryarta ba ta wuce kukan sauro ba. Amfilifaya kuwa daga waje ake kawo ta, da dala ake sayo ta, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kuɗinta ya ƙara yi wa aljihun ɗalibi nisa. Ashe ke nan a wani layi ga akwatuna masu murya ba mai magana a cikinsu, a wani layin kuma ga jita ba murya, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce.

Waɗanda Suka Riga Mu

Kada wani ya zaci wannan dabara baƙuwa ce a gare mu. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya. Mene ne kuntigi? Gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya. Baturen da ya ƙera gwangwanin don kifi ya ƙera shi, Bahaushe ya cinye kifin ya mayar da mazubin abin kiɗa.

A maƙwabtanmu ma haka abin yake. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran makaɗan Tinariwen na ƙasar Mali, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari yana yaro, kuma ƙungiyar tasa ta karɓi lambar yabo ta Grammy a 2012. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa ta Nijar, shi ma da katako da wayar keke ya fara. A Kinshasa ta ƙasar Kwango, Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa makaɗan Konono a shekarun 1960, ya ga hayaniyar birni tana danne ɗan abin kiɗansa mai harsunan ƙarfe da ake kira likembe, sai ya cire maganaɗisu daga tsofaffin kayan mota, ya naɗa musu waya, ya haɗa da lasifika. Faifansu da ya fito a 2004 ya sa Turawa suka riƙa gayyatarsu suna mamakin wannan sauti.

To, su Turawan fa? Leo Fender, wanda sunansa ke kan jita da amfilifaya mafi shahara a duniya, mai gyaran rediyo ne. A 1938 ya buɗe shagonsa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta Amurka, makaɗa suna kawo masa kayansu gyara, daga nan ya fara ƙera nasa, kuma bai taɓa iya kaɗa jita ba. Amma misalin da ya fi kusa da mu ɗalibai shi ne na John Deacon, wanda ya karanta ilmin lantarki a wata kwaleji a birnin Landan, yana kuma kiɗa da ƙungiyar Queen. A 1972 ya hangi wayoyi suna leƙe daga wata bola a bakin titi, ya jawo, sai ga allon amfilifaya na tsohon rediyo. Ya kai gida ya dasa shi cikin wani tsohon akwatin sifika, ya haɗa masa batir mai bolt 9. Abokinsa Brian May, wanda shi ma da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa da katakon tsohon murhun ɗaki, ya yi amfani da wannan ɗan akwati a faya-fayan da aka sayar a ko'ina cikin duniya. Daga baya masu bincike suka gano cewa allon na rediyon Supersonic ne, wanda aka ƙera a Rodeshiya, watau Zimbabuwe ta yau. Kun ji, rediyon Afirka ne ya faɗa bolar Landan aka tsince shi. Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage, amma wannan dai ta yi.

Yadda Ake Aikin

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san abin da jita ke bayarwa. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da waya siririya kamar gashi, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a bisa maganaɗisun, sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, tana kai da komo daidai da girgizar. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, wanda duk muka haddace don jarrabawa. Wutar kuwa kaɗan ce ƙwarai, yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba, ba za ta iya motsa sifika ba sai an ƙara mata ƙarfi. Aikin amfilifaya ke nan.

Da na je neman akwati a Fagge, wani dattijo mai gyaran rediyo ya ba ni darasin da ya fi na allo sauƙin shiga kai. Na gaishe shi na ce, "Baba, tsohon rediyo nake nema wanda ya mutu." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wace irin mutuwa? Rediyo kamar mutum yake, yana da kunne yana da baki. Wani kunnen ke mutuwa, wani bakin." Ya jawo wani na katako, ya buɗe bayansa, ya haɗa masa batir, ya ɗora ɗan yatsa a kan ƙafar tsakiya ta abin ƙara murya. Nan take sifikar ta yi gurnani. Ya ce, "Ka ji? Wannan kurma ne kawai, bakinsa lafiya lau."

Jama'a, duk sirrin aikin yana cikin maganar nan. Kunnen rediyo shi ne sashen da ke kamo tasha, bakinsa kuwa shi ne sashen da ke ƙara ƙarfin sauti ya miƙa wa sifika. Mahaɗar su biyu ita ce abin ƙara murya, wanda ke da ƙafa uku. Ɗaya tana haɗe da ƙasa, watau layin da duk wutar allon ke komawa. Ta tsakiya tana shiga baki, ta uku kuma daga kunne ta fito. Sai a cire wayar da ke kan ta ukun, a liƙa wadda ta taho daga soket ɗin jita a madadinta, ɗaya wayar soket ɗin kuma a haɗa ta da ƙasa. Shi ke nan, rediyon ya daina sauraron Kaduna da Landan, ya koma sauraron jita, kamar dai kakansa mai waya na 1944.

Amma wanda ya tsaya a nan zai ji muryar ta fito a dushe, kamar mai magana ta cikin rawani. Dalili kuwa shi ne, maganaɗisun jita kamar rijiya ce mai ƙaramin idon ruwa. In ka ɗiba da ɗan moɗa, ruwa garai-garai za ka samu, in ka zura babban guga sai ka kwaso laka. Ƙofar rediyo mai taransisto galibi juriyarta om dubu 5 ne ko dubu 10, watau babban guga ce, alhali jita tana son ƙofa mai juriyar om miliyan ɗaya. Maganin abin shi ne a sa ɗan tsaka-tsaki, taransisto guda irin wanda ake kira FET, da 'yan razisto da kwandansa. Shi yana karɓa a hankali daga jita, ya miƙa wa rediyo da ƙarfi. A nan ne karatunmu ke da rana, domin mai gyara bai cika haɗuwa da wannan matsala ba a aikinsa na yau da kullum.

Idan kuwa aka tarar bakin ma ya mutu, ba a yi hasara ba. Sai a kwashe allon gaba ɗaya a bar akwati da sifika, a sayo ɗan ƙwayar nan mai ƙafa takwas da ake kira LM386 a wurin masu sayar da kayan gyara. Yana aiki da wuta daga bolt 4 zuwa 12. Sauti yana shiga ta ƙafa ta 3, ya fita ta ƙafa ta 5 ya bi ta cikin kwandansa zuwa sifika, ƙafa ta 6 ta karɓi wutar batir, ta 2 da ta 4 kuma a kai su ƙasa. Yana ninka sauti sau 20, in kuma aka sa kwandansa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 sai ya ninka sau 200. Ƙarfinsa bai wuce kamar rabin wat ba, amma ya ishi ɗakin kwanan ɗalibai, har maƙwabci ya buga bango.

In aka matsa wa irin wannan ƙaramar amfilifaya, muryarta takan fashe ta yi kauri da ƙara-ƙara. Littafinmu na aji aibi yake kiran wannan, makaɗa kuwa nema suke yi. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks da reza ya tsaga sifikarsa don ya sami irin wannan sauti. Mu kam ba baƙonmu ba ne, domin makaɗanmu da gangan suke maƙala 'yan ƙarafa masu kaɗawa a wuyan abin kiɗa, don kunnen Bahaushe bai cika son sauti salam ba gishiri ba.

Akwatin Kansa

Yawancin masu fara wannan aiki suna ɗaukar akwati a matsayin riga kawai. Haƙiƙa kuwa rabin muryar daga gare shi take. Takardar sifika in ta turo iska ta gaba, a lokacin nan tana janye ta ta baya. Idan sifikar tana tsirara a kan tebur, iskar gaban sai ta zagaya ta cike gurbin ta baya, su kashe juna, musamman a sauti mai kauri. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, tsawon zangon sautinta a iska ya kai wajen mita 4, saboda haka zagaya 'yar sifika ba komai ba ne gare shi. Akwati shi ne katangar da ke raba gaba da baya. Wanda ke shakka ya gwada: ya kunna sifika a hannu, sa'an nan ya ɗora ta a bakin tulu, ya ji bambanci. Gani ya kori ji, amma a nan ji ne zai kori gardama.

Saboda haka, ga amfilifaya, akwatin katako ya fi, kuma a nan tsofaffin rediyo suka yi wa na yanzu fintinkau. A duba kada gara ta ci shi, a ƙwanƙwasa a ji ko akwai inda ke rawa, a ɗaure da gam da kusa. A taɓa takardar sifika a hankali, in tana shiga tana fita ba ta gurzar komai, lafiyarta ƙalau. In ramin ya yi wa sifikar girma ko ƙanƙanta, kowane kafinta zai yanka sabon allon gaba. Yadin fuskar in ya yage, ƙyalle daga Kantin Kwari ya isa, muddin in ka hura shi iska tana wucewa. Akwatin roba shi ne na baya, don yana da rawar jiki kuma tsufa na sa shi tsagewa wajen huda.

Akwatin ƙarfe kuwa, irin na sitabilaizar da ta ƙone ko na tsohuwar dikoda, aikinsa dabam ne. Shi ya dace da ƙananan na'urorin da makaɗi ke ajiyewa a ƙasa yana takawa don sauya murya, da kuma ɗan tsaka-tsakin nan da na ambata. Wayoyin wutar gida suna watsa gurnani mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙofa mai juriyar om miliyan ɗaya tana kwasarsa kamar yadda farar riga ke kwasar ƙura. Ƙarfen da ya kewaye na'ura, in an haɗa shi da ƙasa, yana tare wannan gurnani. Shi ma Faraday ne ya nuna haka a 1836. Sai dai fenti ba ya wuce da wuta, don haka a kankare shi da samfefa a inda soket zai zauna, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Kafin a huda ko'ina, a zana fuskar akwatin a takarda, a jera kayan a kai, a tabbata murfi zai rufu. A fara amfani da ramukan da ke nan tun asali, na fis da na makunni, in sun yi ƙanƙanta a buɗa su da magagari. Allon kuma kada ya kwanta a kan ƙarfe, a ɗaga shi a kan 'yan ƙafafun roba.

Gargaɗi

Yanzu ina roƙon kowa ya ba ni kunnensa biyu. Tsirkiyoyin jita ta lantarki a haɗe suke da ƙasan amfilifaya, watau duk abin da ya hau jikin amfilifaya ya hau hannun makaɗi. Akwai tsofaffin rediyo masu ƙwan gilashi da aka ƙera ba taransifoma, waɗanda wutar gida mai bolt 230 ke iya hawa kan ƙarfensu kai tsaye. Wanda ya haɗa jita da irin wannan ya riƙe wayar wuta ne da hannunsa. Ba tatsuniya nake yi ba. Leslie Harvey ya mutu a gaban 'yan kallo a garin Swansea na Birtaniya a 1972, lokacin da ya taɓa makirufo mai wuta. Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds shi ma wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Bugu da ƙari, manyan kwandansa na irin waɗannan na'urori, da ƙwan tsohuwar talabijin mai ƙeya, suna riƙe wuta bayan an zare su daga soket.

Saboda haka dokar mai koyo ɗaya ce: batir kawai. In akwatin na rediyo mai ƙwai ne, a bar mai gyara ya kwashe cikinsa, a ɗauki katakon da sifikar. Sa'an nan dalmar da ake liƙi da ita guba ce, kowa kuwa ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. A yi liƙi a inda iska ke wucewa, kada a riƙe dalma da baki, a wanke hannu kafin a ci abinci. Riga-kafi ya fi magani.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, bari in koma kan tambayar da na fara da ita. Dattijon Fagge ya san inda zai ɗora yatsa, ni kuwa na san dalilin da ya sa muryar ke dushewa. Shi kaɗai zai sa akwatin ya yi magana amma a dushe, ni kaɗai kuwa da sai in cika takarda da lissafi akwatin yana nan shiru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin baƙin ciki shi ne mun taso muna ganin riƙe ƙarfen liƙi aikin wanda bai ci jarrabawa ba ne, sa'an nan mu fito da digiri muna jiran jirgin ruwa ya kawo mana abin da ke jibge a bayan gidanmu. Masu gyaran nan kuwa tsufa suke yi, yaransu sun koma gyaran wayar hannu, inda galibi sauya allo ake yi gaba ɗaya. Ranar da suka ƙare, iliminsu zai bi akwatunan zuwa sikeli.

Ina da shawarwari huɗu. Ta farko, ɗalibanmu na kimiyya da injiniya su riƙa zama a rumfunan nan lokacin hutu, da ladabi irin na almajiri, kuma malamanmu su duba yiwuwar lissafa wannan a cikin koyon aikin da ake tura mu. Ta biyu, ƙungiyarmu ta keɓe ɗan ɗaki da tebur da mita da ƙarfen liƙi, a riƙa gayyato ɗaya daga cikin dattawan nan yana koyarwa, a kuma biya shi kamar yadda ake biyan kowane malami. Ta uku ta yayyenmu ma'aikata ce. Kun fi ni sanin abin da ke kulle a sito-sito na ofisoshinku, tsofaffin lasifika da rikoda da sitabilaiza da ke jiran gwanjo. Idan aka bi ƙa'ida aka miƙa wasu ga makarantun sakandare, kowane ɗaya darasi ne a aikace. Ta huɗu, mu rubuta wannan ilmi da Hausa, da kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su, don yaron da bai ji Turanci ba ya karanta.

Wanda ba ruwansa da jita kuma kada ya ga an bar shi a baya. Akwatin nan da kansa, in aka ba shi makirufo, ya zama lasifikar malamin da ke fama da aji mai cunkoso, ko ta mai wa'azin tsafta a ƙauyen da babu wuta. In aka manna wa gurmi ko kuntigi ɗan faifan tagullar nan da ke kuka a cikin agogon tebur, wanda in an girgiza shi yake ba da wuta, sai kayan kiɗanmu na gado su sami muryar da za ta cika dandali. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, zumar kuwa tana nan a Fagge da Sabon Gari, ana auna ta a kan sikeli kullum safiya.

Shugaban zama, a nan zan dakata don in ba da damar tambaya da gyara.